Binciken tasiri ga lafiya kafin manyan ayyuka: ta yaya za a gane ya yi amfani?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum. Tambayata a kan binciken tasiri ga lafiya ce, wanda ake yi kafin a amince da babbar hanya, ko madatsar ruwa, ko rukunin gidaje, ko sabuwar doka. Matakansa ba su da gardama: a duba ko aikin na buƙatar bincike, a shata iyakar abin da za a duba, a yi nazari, a ba da shawarwari, a rubuta rahoto, sannan a bi sawu. Biyar na farko ana yin su. Na shida ne ake yawan watsarwa. To idan aka ce wa hukumar tsara birane ta nuna cewa kuɗin da ta kashe a kan wannan bincike bai tafi a banza ba, me za ta ɗauko? Kada dai a ce mini rahoto mai shafi 200.

Malam Auwalu:
Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin wahala a nan ba. Tunda don lafiya aka ce ana yi, a ƙirga marasa lafiya da mamata kafin aikin, a sake ƙirgawa bayansa. In ba a ga bambanci ba, an yi ba a yi ba.

Dakta Hauwa:
Malam Auwalu, da ma abin ya zo da sauƙi haka. Bari mu yi lissafi da misali, alkaluman ba na wani gari ba ne. A ce yankin da sabuwar hanya za ta ratsa yana da manya 200,000 'yan shekara 30 zuwa sama, kuma 10 cikin kowane 1,000 ke rasuwa a shekara. Mutum 2,000 ke nan. A ce binciken ya yi hasashen cewa ƙurar nan mai laushi da ake kira PM2.5 za ta ƙaru da maikurogiram 2 a kowane mita kubik na iska. Nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da shi wajen ƙa'idojinta na ingancin iska na 2021 ya nuna haɗarin mutuwa na ƙaruwa da kusan kashi 8 cikin 100 a duk ƙarin maikurogiram 10. Ƙarin 2 zai ba da kashi ɗaya da rabi da 'yan kai, wato kusan mutum 31 a shekara.

Ga inda gizo ke saƙa. Ko ba a taɓa komai a yankin ba, adadin nan na 2,000 ba ya zama wuri ɗaya. Hawa da saukar da yake yi haka kawai daga shekara zuwa shekara kan kai 45 sama ko ƙasa, wata shekarar har kusa da 90, kuma ban sa zafi mai tsanani ko annobar mura a lissafin ba. Mutum 31 ɗin suna nan, sun rasu da gaske, amma ba za ka iya tsamo su daga rajistar mamata ba. Ƙari a kan haka, ciwon zuciya da na huhu shekaru suke ɗauka kafin su bayyana, kuma kafin lokacin wasu mazauna sun tashi, wasu sun shigo.

Malam Auwalu:
Ashe hasashe ne da ba mai iya ƙaryata shi. Dakta, wannan da aikin duba ai tafiyarsu ɗaya.

Dakta Hauwa:
A'a. Mutum 31 ɗin ne ba a iya gani. Maikurogiram 2 ɗin ana iya aunawa. Tsakanin hanya da cuta akwai sarƙa: hanya ta kawo motoci, motoci su kawo hayaƙi, hayaƙi ya kai hancin mutane, sannan cuta. Gaɓar ƙarshe an riga an tabbatar da ita da nazarin da ya bi ɗimbin mutane shekara da shekaru, ba sai kowane aiki ya sake tabbatarwa ba. Gaɓoɓin farko ne na wannan aikin, kuma a nan hasashe ke yawan kuskure.

Sai a ƙirga motoci, a ware manya da ƙanana. Sai a auna iska. Don hanya, iskar NO2, gurɓatacciyar iskar da injin mota ke fitarwa, ta fi PM2.5 nuna hayaƙin mota, domin PM2.5 na zuwa daga wurare da yawa, har daga nesa. Akwai 'yan bututu masu arha da ake ɗaurawa a jikin fal ɗin fitila, a tsayin mita 2 zuwa 3 daga ƙasa, a riƙa canza su duk wata a kai ɗakin gwaji. Kurakurai uku ne suka fi yawa. A auna wata uku kawai a kwatanta da ƙa'idar shekara, alhali yanayi na sauya komai, sai an cika wata 12. A ƙi ajiye wasu bututun kusa da babbar na'ura ingantacciya don a san gwargwadon karkatarsu. Ko a sauya wurin bututu bayan an gama aiki saboda an tuge fal ɗin da yake jiki. Ƙananan na'urorin ƙura masu arha kuwa, in iska na da laima sosai suna ƙara adadi, domin ƙwayoyin ƙurar sun sha ruwa sun kumbura.

Zainab:
Na gode Dakta. Amma ni a fahimtata wannan auna aikin hanyar ne. Tambayar Malam Nasiru a kan binciken kansa ce. Ko na ɓata?

Hajiya Rakiya:
Ba ki ɓata ba ƙanwata, kin ma taɓo jijiyar maganar. Tambayoyi uku ne ake cakuɗawa. Ta farko, an yi binciken yadda ya kamata? Ta biyu, ya canza shawarar da aka yanke? Ta uku, lafiyar mutane ta kare ko ta inganta? Ana iya cin ta farko a faɗi ta biyu. Ana iya cin ta biyu a kasa sanin ta uku har abada.

Ta biyun ce aikin binciken na asali, don shi ba ya warkar da kowa, masu yanke shawara yake yi wa magana. A 2007 wani masani mai suna Matthias Wismar da abokan aikinsa sun duba bincike-binciken da aka yi a ƙasashen Turai, suka kasa sakamakonsu huɗu. Akwai wanda ya sa aka gyara shawara ko aka fasa ta. Akwai wanda ba a gyara komai ba, amma masu mulki sun saurara sun kuma ƙaru da fahimta. Akwai na cin sa'a, wanda shawararsa ta dace da abin da da ma za a yi, sai ya zama kamar shi ya jawo. Sai wanda aka yi watsi da shi gaba ɗaya.

Na ukun nan shi ya fi yaudara. Ana gane shi da kwanan wata. Idan an riga an ware kuɗi, an biya diyyar filaye, an zaɓi layin da hanya za ta bi, sannan aka kira masu bincike, duk abin da suka rubuta sa hannu ne kawai. Shi ya sa abu na farko da mai tantancewa zai yi shi ne ya jera ranaku a layi ɗaya: ranar da aka ba da aikin binciken, ranar da aka miƙa sakamakon farko, ranar da aka rufe zaɓin wuri, ranar amincewa. Sau da yawa wannan takarda ɗaya ta gama ba da amsa.

Malam Auwalu:
Hajiya, kashi na biyun nan ne ban yarda da shi ba sam. "Ba a canza komai ba amma an ƙaru da fahimta." Wace takarda ce a duniya ba za ta iya cewa haka ba? Mafaka ce aka gina wa binciken da ya faɗi.

Hajiya Rakiya:
Rabin maganarka gaskiya ce. In dai hujjar ita ce wani jami'i ya ce "mun ƙaru", to ladabi ya yi wa mai tambaya, kada a ƙirga. Amma fahimta ta gaske tana barin sawu. Shin aikin da ya biyo baya ya sa batun lafiya tun a takardar neman 'yan kwangila ba tare da an tilasta ba? An ba sashen lafiya kujera a kwamitin amincewa? An gyara fom ɗin neman izini? Hukumar tsara birane da sashen lafiya sun fara musayar alkaluma? In an samu ɗaya daga cikin waɗannan da kwanan wata da sa hannu, a rubuta. In ba a samu ba, a mayar da shi kashi na huɗu.

Ko kashi na farkon ma ba shi da tsabta yadda ake zato. A birnin San Faransisko na Amurka a 2003 an nemi rushe wani gini mai gidaje 360 da doka ta ƙayyade kuɗin hayarsu. Sashen lafiya na birnin ya yi nazari kan illar raba mutane da muhallinsu, daga baya mai ginin ya sake tsari ya amince zai mayar da gidaje 360 ɗin a kan haya mai ƙa'ida. Ana yawan kawo shi misalin nasara, kuma nasarar ce. Sai dai 'yan hayar ma ba su zauna ba, sun yi ta fafutuka. Kashi nawa ne na takarda, kashi nawa na hayaniyar jama'a? Ba mai iya rabawa da ma'auni. Abin da ake iya yi shi ne a ajiye daftarin kafin bincike da na bayansa a bi su layi-layi, a duba bayanan zaman kwamiti ko an ambaci binciken, a nemi jimlolin rahoton da suka shiga sharuɗɗan izini kusan kalma da kalma. Sannan a tambayi masu yanke shawara ɗaya-ɗaya, ba a gaban juna ba: da ba a yi binciken nan ba, me za ku yi? A yi tambayar cikin wata shida zuwa shekara, don bayan haka an yi wa rabinsu canjin wurin aiki, sauran kuma kowa ya tuna cewa ra'ayinsa ne tun farko.

Injiniya Bashir:
Ku bar ni in sauko da maganar ƙasa. "An karɓi shawara" da "an yi abin" tafiya ce mai nisa. A aikin gini, shawara sai ta tsallake ƙofa huɗu. Ta shiga sharuɗɗan izini. Ta shiga zanen aiki. Ta shiga takardar ƙiyasin kaya da kuɗi da layinta na kanta. Sannan mai duba aiki ya je ya gani da ido kafin ya sa hannu a biya. Yawancinsu a ƙofa ta uku suke mutuwa, domin ɗan kwangila ba ya yin abin da ba shi da layin kuɗi, kuma ba za ka ga laifinsa ba.

Ɗauki ramukan da ake haƙar ƙasar ciko a gefen hanya. Kusan kowane rahoto a yankin da ke da zazzaɓin cizon sauro yana ambatar su, da jimla irin "a kula da ramuka don kada su tara ruwa". Wannan ba shawara ba ce, fata ce. In aka koma bayan shekara, ga kududdufi nan bayan gidaje, gefensa a tsaye kamar bango, ruwa kore, ciyayi a baki, sawun yara a laka. Ka ɗibi ruwan bakin da farin kofi ka ga tsutsar sauro tana wutsil-wutsil. Wa za ka kama? Ba a ce wane ne zai cike ba, ba a ce yaushe ba.

Yadda ya kamata a rubuta: kowane rami a ba shi lamba da wurinsa a taswira, a cike shi ko a kwantar da gefensa a yi masa hanyar fitar ruwa cikin kwana kaza da daina haƙa, kada ruwa ya kwana a ciki fiye da mako, saboda a yanayin zafi sauro na iya tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana 7 zuwa 14. A ɗaura biyan wani kaso a kan hakan. Shawara irin wannan ce kaɗai mai tantancewa zai iya cewa an yi ko ba a yi ba.

Wani abu kuma, a daina ƙirga shawarwari kamar kawunan tumaki. Rahoto ya ba da 20, an ɗauki 18, sai a ce nasara kashi 90 cikin 100. Ka duba 18 ɗin: allunan gargaɗi, yayyafa ruwa don ƙura, taron wayar da kai. Biyun da aka ƙi su ne a kauce wa makaranta da layin hanya, da a hana manyan motoci wucewa da dare. Su ne ke ɗauke da kusan duk amfanin, su ne kuma masu tsada. Tun ranar rubuta rahoto a yi wa kowace shawara daraja, babba ko matsakaiciya ko ƙarama, kafin a san wacce za a karɓa.

Malam Nasiru:
Injiniya, wannan na ƙarshen ya shige ni. Barista, doka ba ta magance wannan ba? In aka wajabta binciken fa?

Barista Kabiru:
Wajabtawa na tabbatar da cewa za a yi, ba ta tabbatar da cewa za a ji. Tsarin mulkin Tailan na 2007, wanda ya yi aiki har 2014, a sashe na 67 ya ce aikin da zai iya yi wa al'umma mummunar illa ba zai tafi ba sai an yi nazarin tasirinsa ga muhalli da lafiya an kuma saurari jama'a. A 2009 kotu ta dakatar da ayyuka 76 a yankin masana'antu na Map Ta Phut a kan wannan sashe. Dokar ta yi cizo na gaske. Amma lura da abin da kotu ke iya dubawa: an bi matakai ko ba a bi ba. Tambayar Hajiya ta farko ke nan.

A lardin Kwibek na Kanada, sashe na 54 na dokar lafiyar jama'a ya sa ma'aikatu su tuntuɓi ministan lafiya a kan duk doka ko ƙa'idar da za ta iya taɓa lafiyar mutane sosai. Tsari ne mai kyau saboda yana zuwa da wuri, tun doka na daftari. Matsalar irin wannan tsari ga mai tantancewa ita ce abin da ke shiga majalisar ministoci galibi sirri ne, ba ka da daftari biyu da za ka kwatanta.

Tarayyar Turai kuma a 2014 ta gyara dokarta ta nazarin muhalli, ta ambaci lafiyar ɗan Adam ƙarara a cikin abubuwan da za a duba, ta kuma sa a tanadi bin sawun manyan illoli a cikin takardar amincewa. Wannan na biyun ya fi mini muhimmanci, don shi ne ke kai mataki na shida cikin izinin kansa.

Dakta Hauwa:
Akwai wani ƙulli da ba mu kwance ba. Idan binciken ya yi aiki, hasashensa ba zai cika ba. Ya ce kududdufai za su ƙara zazzaɓi, aka cike su, zazzaɓi bai ƙaru ba. Mai shakka zai ce da ma ba zai ƙaru ba. Maganin wannan shi ne rahoto ya rubuta hasashe biyu a fili, wanda za a gani in an ɗauki mataki da wanda za a gani in ba a ɗauka ba, kowanne da adadi da wuri da lokaci. Sannan a samu yankin kwatance, mai kama da wannan amma aikin bai taɓa shi ba, a auna su tare kafin da bayan. In zazzaɓi ya ƙaru a duka biyun, ruwan sama ne ko ƙarancin magani. In a ɗaya ne, sai a zauna a duba.

Duk wannan ya rataya a kan awon farko, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Awon farko da aka yi bayan an kafa sansanin ma'aikata ya riga ya gurɓace: mutane sun fara kwararowa neman aiki, haya ta tashi, cututtukan da ake ɗauka ta jima'i sun fara motsi. Rajistar asibiti ma ba abin dogaro ba ce ita kaɗai. Aiki ya gina sabon asibiti, masu zuwa suka ninka, takarda ta nuna cuta ta ninka, alhali da can a gida suke jinya.

Ga girman samfuri, wato yawan mutanen da za a gwada, don nan ake yawan tsuke hannu. In kana son gane tashin wata cuta daga kashi 20 zuwa kashi 30 cikin 100 da tabbacin da aka saba nema, kana buƙatar kusan mutum 300 a kowane zagaye. In gungu-gungu za ka ɗauka, ƙauye-ƙauye ko makaranta-makaranta, ninka shi, kusan 600, domin mutanen wuri ɗaya suna kama da juna. Wanda ya gwada yara 80 ya ce bai ga canji ba, bai faɗi komai ba. Kuma zagaye na biyu ya faɗo a watan da aka yi na farko, da irin gwajin da aka yi na farko.

Sai tsawon lokaci. An kammala madatsar Diama a kogin Senegal a 1986 don hana ruwan gishiri hawowa. Ruwa ya zama mai daɗi, ya daina hawa da sauka sosai, ciyayi suka yi yawa, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ta samu gida. A 1988 aka fara ganin tsargiyar hanji a garin Richard-Toll da ke bakin kogin, cikin 'yan shekaru ta zama annoba. Bin sawun da ya tsaya wata 12 bayan miƙa aiki da zai rubuta cewa lafiya lau. Wanda ke duba katantanwa a bakin ruwa, ba marasa lafiya kaɗai ba, shi zai fara ganin alama.

Injiniya Bashir:
A hadurran mota ma akwai irin wannan tarko, ta ɗaya gefen. Ana zaɓar mahaɗa don gyara ne saboda bara ta yi muni. Shekarar da ta yi muni fiye da kima, mai bi mata kan sauko ko ba a taɓa komai ba. Sai a yi gyara, adadi ya sauko, kowa ya yi tafi. A ɗauki alkaluman shekara 3 aƙalla kafin gyara, 5 ta fi, a kuma duba yadda hadurra ke tafiya a sauran garin. Mafi sauri shi ne a auna gudu, mako guda cur, dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin da ke kisa da kusan kashi 4. Gudu kana ganin canjinsa a wata ɗaya.

Babbar hanyar M74 da aka tsawaita a birnin Glasgow na Scotland, aka buɗe a 2011, misali ce ta yadda ake yi. Cikin amfanin da aka yi tsammani har da raguwar hadurra a titunan unguwanni. Masu bincike suka kwatanta yankin da wasu yankunan birnin, kafin da bayan, ba su ga alamar cewa hanyar ta sauya komai a nan ba. Hadurra da ma suna raguwa ko'ina. Da yankin kaɗai aka duba, da an ba hanyar lada.

Zainab:
Ina da tambaya a kan matsakaicin adadi. In an ce iskar gari ta gyaru gaba ɗaya, amma unguwa ɗaya ta ƙara lalacewa, an ci ko an faɗi?

Hajiya Rakiya:
Ma'anar wannan bincike da masana suka amince da ita a takardar da ake kira ta Gothenburg ta 1999 ta ce a duba tasiri ga lafiyar jama'a da kuma yadda tasirin ya rarrabu a cikinsu. Rabin aikin ke nan. Hanyar kewaye na iya sauƙaƙa wa tsakiyar gari, ta kwashe hayaƙi da ƙara ta kai wa na gefe, waɗanda galibi su ne marasa ƙarfi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 don Turai ta ce ƙarar motoci da dare kada ta wuce dasibel 45 a ma'aunin ƙara. Tambayar ba matsakaicin gari ba ce, gida nawa ne suka haura wannan layi, kuma gidajen su wane ne.

Wanda ya fi wannan ɓoyuwa shi ne aikin sabunta unguwa. An rushe, an gina, bayan shekara biyar aka auna, lafiyar unguwa ta inganta ƙwarai. Ka ƙwanƙwasa ƙofa ka tambayi wanda ya buɗe tun yaushe yake nan, sai ya ce shekara biyu. Mutanen da aka auna da farko ba su ne a ciki ba, haya ta kore su. Ba wanda ya warke, musanya mutane aka yi. Dole a riƙe jerin gidajen farko, da izininsu, da lambar waya biyu ko uku ta 'yan uwa, a bi mutanen duk inda suka koma. A kuma faɗi nawa aka rasa, don waɗanda suka ɓace su ne yawanci abin ya fi dokewa.

Sauraron jama'a ma haka. Takardar sa hannun mahalarta taro ba ma'auni ba ce. A duba batutuwan da binciken ya nazarta, nawa ne suka fito daga bakin mutane ba daga ofis ba, kuma an koma an gaya musu abin da aka yi da maganarsu?

Malam Auwalu:
To na sauko daga ƙirgar gawa, amma ban sauka duka ba. Wa ke biyan mai binciken? Mai aikin. Wa ke biyan mai tantance binciken? In shi ne dai, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannan nazarce-nazarcen da ke cewa binciken na da amfani, ai waɗanda aka kammala aka wallafa suke dubawa, suna kuma tambayar waɗanda suka yi su. Wanda aka binne a durowa fa?

Dakta Hauwa:
Wannan suka ce mai tushe, ba ni da abin kare ta. Gyaranta shi ne rajista: duk binciken da aka fara a rubuta shi a fili ranar da aka fara, har da waɗanda aka duba aka ce ba sa buƙata da dalilin cewa haka. Mai tantancewa ya zaɓi samfurinsa daga rajistar da ƙuri'a, ba daga waɗanda hukuma ta miƙo masa ba. Alkaluman awo kuma su tafi sashen lafiya kai tsaye daga ɗakin gwaji, kada su bi ta ofishin mai aiki.

Injiniya Bashir:
Saura kuɗi. Lokacin da ɗan kwangila ke da alhakin gyara bayan miƙa aiki galibi wata 12 ne, daga nan a sake masa kuɗin da aka riƙe ya tafi. Illar da Dakta ke magana a kai sai shekara ta biyu ko ta uku take fitowa. In awo ya nuna an haura iyaka a lokacin, wa zai gyara, da kuɗin wa?

Barista Kabiru:
Ba a wuyan ɗan kwangila za a rataya shi ba, a wuyan mai izini ne, don shi ke nan bayan an kwashe kayan aiki. Sharaɗin ya ƙunshi abu huɗu: abin da za a auna da wurin, iyakar da in an haura za a motsa, matakin da za a ɗauka da wa'adinsa, da kuɗin jingina da aka ajiye a asusu na dabam tun kafin a fara haƙa. Misali, in matsakaicin NO2 na wata 12 a bakin makaranta ya wuce abin da rahoto ya yi hasashe, a karkatar da manyan motoci cikin kwana 90, in ba a yi ba hukuma ta yi da kuɗin jinginar. Ba a sakin ragowar sai zagayen awo na ƙarshe ya fito, shekara 3 ko 5 gwargwadon irin aikin. Inda gwamnati ce mai aikin kuma ita ce mai ba da izini, asusun ya zauna a hannun wata hukuma dabam, kuma ranar fitar da kowane sakamako ta kasance a rubuce cikin izinin.